Wai waƙa ta taɓa kawo canji kuwa, ko ɗumama jiki ne kawai?

Ɗan_Tudun_Wada:

Slm jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah ina da tambaya da ta tsaya min a rai tun daren jiya. Muna zaune a majalisa wajen mai shayi nan Tudun Wada sai wani ya kunna Fela a waya, shi ke nan gardama ta ɓarke tsakanina da wani abokina da ke karatu a jami'a nan Kongo a Zariya. Shi cewa yake duk waƙoƙin gwagwarmayan nan holoƙo ne hadarin kaka, wai Fela ya fi shekara 20 yana caccakar gwamnati amma har ya mutu a 1997 soja ne ke kan mulki, to ina amfanin? Ni na ce a'a ba haka ba ne, amma wlh da ya ce in kawo masa wuri ɗaya tak da waƙa ta canza doka sai bakina ya mutu.

Kuma abin ya dame ni ne don ni ma ina ɗan taɓa rubutu, ina da baitoci a kan tsadar rayuwa, kuɗin mota daga PZ zuwa Samaru, farashin tiyar masara, yaran da aka cire daga makaranta, na kai wani situdiyo mai wurin ya saurara ya ce waƙa ta yi amma wa zai biya, tunda babu sunan kowa a ciki. Tun lokacin jikina ya yi sanyi. Manyanmu da masana tarihi ku taimaka min, da gaske waƙa tana yin wani abu ko in haƙura?

Tsohon_Malami:

Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya yi maka tambaya ne a karkace shi ya sa ka rasa amsa. Waƙa ba ta sa hannu a takardar doka, wannan kowa ya sani. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, mutanen da suka tilasta aka sa hannun, me ya tara su, me ya hana su watsewa ranar da aka fara dukansu.

Ba sai ka je nesa ba, nan garin ka tsaya. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, a lokacin mutum nawa ne ke iya karanta boko a ƙauyukanmu? Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya ake buga ta tun 1939, amma mutum ɗaya ke karantawa goma na saurare. Jam'iyyar ba ta da rediyo, ba ta da kuɗi, izinin yin lacca ma sai an ga dama a ba ta. To da me maganar Malam Aminu Kano ta shiga lungu da saƙo? Da baki, kuma mafi yawa da waƙa. Su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu suna tsara baiti, a rera wajen lacca, ɗan kasuwa ya haddace ya tafi da ita kasuwar gaba, direba ya ɗauka, mata su ɗauka su shigar da ita cikin gida inda ɗan doka ba ya shiga. Takarda ana ƙwacewa a ƙona, amma abin da ke cikin kai sai dai a kama mai kan.

Ni mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta san ko bihim ba a boko, amma ina yaro ina jin ta tana daka tana rera waƙoƙin Sawaba, wato waƙoƙin NEPU, taɓarya na ba ta kiɗa. A nan na fara jin cewa haraji da jangali da aikin tilas ba daga sama aka saukar da su ba, mutane ne suka ɗora kuma mutane na iya saukewa. Akwai lokacin da aka kama mahaifinmu bayan wata lacca aka tsare shi kwanaki, in maƙwabta mata sun shigo jaje sai a yi ɗan kuka, can sai wata ta ɗauko amshi ƙasa ƙasa sauran su karɓa, har yau in na tuna tsigar jikina sai ta tashi. Ba waƙar ce ta fito da shi ba, amma ita ta sa da ya fito bai ajiye katinsa na jam'iyya ba, kuma matarsa ba ta ce masa ya ajiye ba.

Ka duba Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin nan, sau 16 ana ɗaure ta kan maganar 'yancin talaka da ƙuri'ar mata. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979. A shekarar ne kuma PRP ta ci Kaduna da Kano, Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka soke haraji da jangali. Ka lissafa daga 1950, kusan shekara 30 ke nan. Sa'adu Zungur da ya yi waƙar Arewa Jamhuriya ko Mulukiya ya rasu tun 1958, ko 'yancin kai bai gani ba. Da abokinka na nan a lokacin da ya ce Sa'adu ya yi aikin banza. Yau asibitin Ƙofar Gayan sunan Gambo yake amsawa.

Bazazzagiya:

Allah ya ƙara lafiya Baba, gsky ka tuna mana abin da ba a koya mana a aji. Ƙanena bari in ƙara maka da na waje tunda abokin naka misali yake so.

A Amurka lokacin da baƙar fata ke neman 'yancinsu akwai waƙar da ake kira We Shall Overcome, ma'ana za mu yi galaba. Asalinta daga waƙoƙin coci ne, ma'aikatan kamfanin taba da ke yajin aiki a garin Charleston wajen 1945 suka ɗauke ta, yawancinsu ma mata ne, daga nan ta bi hannu hannu har ta zama taken tafiyar gaba ɗaya, an rera ta a babban gangamin Washington ran 28 ga Agusta 1963. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na 1961, matasan da suka shiga motocin haya baƙi da farare tare don karya dokar wariya, aka kwashe su aka zuba a kurkukun Parchman a jihar Mississippi, suna ciki suna ta waƙa dare da rana, gandirobobi suka ce in ba ku yi shiru ba za mu kwashe katifunku, suka ci gaba, aka kwashe katifun suka kwana a kan ƙarfe suna yi. Ka tambayi abokinka, in waƙa ba komai ba ce me ya sa mai riƙe da makulli da kulki ya damu da ita har haka?

Sannan a watan Maris 1965, bayan dukan da aka yi wa masu tattaki a Selma, shugaban ƙasa Lyndon Johnson ya tsaya gaban majalisa yana neman a yi dokar kare ƙuri'ar baƙar fata, ya maimaita kalmomin waƙar nan da bakinsa, farar fata ɗan kudu fa. Watan Agusta aka sa wa dokar hannu. Ban ce waƙa ce kaɗai ta yi ba, an yi ƙaurace wa motoci, an yi shari'o'i, an zubar da jini, amma har mai mulki ya ari bakin waɗanda ake duka ya ci albasa ai ka san magana ta kai inda ake so.

Afirka ta Kudu ma haka. Vuyisile Mini ɗan ƙungiyar ƙwadago ne mai tsara waƙa, aka rataye shi a 1964, fursunonin da ke kusa sun ba da labarin yana waƙa aka tafi da shi. Miriam Makeba aka soke mata fasfo a 1960 ko jana'izar mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba, sai 1990 ta koma gida. Kuma waƙar Nkosi Sikelel' iAfrika da masu gwagwarmaya ke rerawa a taro da wajen binne gawa, yanzu tana cikin taken ƙasar.

Abu ɗaya da na lura, waƙoƙin da suka yi aiki a titi kusan duk masu sauƙin amshi ne, ba sa buƙatar fiyano ko lantarki, mutum dubu na iya ɗauka a minti biyu.

Na_Sabon_Gari:

Ni dai ku yi haƙuri Baba da Anti, ina tare da abokin nan rabi da rabi. Duk misalan da kuka kawo akwai ƙungiya a bayansu, akwai shugabanni da suka yarda a ɗaure su, akwai abin da ake nema takamaimai. Yanzu fa? Waƙa ta fito a TikTok kowa ya yi sharhi ya sa alamar wuta, bayan sati biyu an manta an koma wata. Eedris Abdulkareem ya yi Jaga Jaga a 2004 aka hana sa ta a rediyo, a 2025 aka sake hana wata tasa, shekara 21 mutum ɗaya kuka ɗaya. Mu kuma nan Arewa mawaƙin da ya zagi gwamnati bana shi ne zai yabe ta baɗi in an ba shi mota, talaka na ji yana gani, to ta yaya zai yarda da wani mawaƙi kuma? Ni abin da ke ƙona min rai ke nan wlh, an mayar da zambo haja, wanda ya fi biya shi ake zagar wa abokin hamayya.

Kuma kar mu manta wuƙar nan baki biyu gare ta. A Ruwanda a 1994 rediyo ta yi ta sa waƙoƙin ƙiyayya ana yanka mutane. Abin da ke cire wa mutum tsoron azzalumi yana iya cire masa tausayin maƙwabci, mu da muka ga rikice rikice a jihar nan bai kamata a gaya mana ba.

Tsohon_Malami:

Na_Sabon_Gari ka faɗi gaskiya, ban ƙi ko ɗaya ba, musamman ta ƙarshen. Waƙar da ta kama sunan ƙabila ko addini ta ce su ne matsala, wannan ba gwagwarmaya ba ce, fetur ce. Kuma maganar ubangida tsohuwa ce, makaɗan fada da na jam'iyyar gwamnati suna nan tun da, su ke da riga da doki. Bambancin kawai a da akwai waɗanda suka zaɓi ɗaya ɓangaren suna sane ba riga a can. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, karen mota me zai ba shi? Abubakar Ladan namu na Zariya ya yi waƙar haɗa kan Afirka, muna samari muna jin ta a rediyon Kaduna, yaro ya haddace sunayen ƙasashe da shugabanninsu bai taɓa ganin taswira ba. Na baya bayan nan ma ai an kama Aminu Ala a Kano a 2009 a kan waƙa, ba a kama mutum a kan abin da ba ya cizo.

Batun Fela kuma da aka fara da shi. Bayan ya yi waƙar Zombie, a Fabrairun 1977 sojoji kusan 1,000 suka afka gidansa a Legas suka ƙone, aka jeho mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978. Matar nan ita ce ta jagoranci matan Abeokuta kan haraji, kuma Gambo Sawaba har can ta je ta same ta, ka ga ashe zaren ɗaya ne. A watan Afrilun 1978 ina ɗalibi a Samaru aka yi rikicin Ali Must Go kan ƙarin sule biyar na kuɗin abinci, aka harbe ɗalibai, wasu na san fuskokinsu. Abin da zan iya gaya muku shi ne kafin mu fita ƙafafuna rawa suke, da aka ɗauki waƙa sai na ji kamar ba ni kaɗai ke cikin jikina ba. Wannan gaskiya ne kuma shi ne haɗarinta, don haka duk mai ɗauko amshi ya san ina zai kai mutane kuma ta ina za su dawo. Kalmar aluta ma da yaran yanzu ke faɗa daga Mozambik ta zo, taken masu yaƙin 'yancinsu ne da harshen Fotugal.

Ɗana mai tambaya, mai situdiyo ya gaya maka gaskiyar kasuwarsa ne kawai. Ka bar masa kayan kiɗansa tukuna. Ka rage baitocin, ka sa amshin da mai tallan koko za ta iya kamawa ji ɗaya, kar ka zagi uwar kowa, kar ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba, ka kira farashin tiya yadda yake a kasuwar Tudun Wada. Sannan ka rera a majalisar taku ka gani ko wani zai karɓa ba ka roƙe shi ba.

Ɗan_Tudun_Wada:

Na gode ƙwarai Baba, Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa. Anti na gode, labarin katifun nan zan kai wa mutumin yau da daddare. Yaya Na_Sabon_Gari maganarka ta sa na koma na duba, akwai baiti biyu da na yi habaici ga wasu mutane gaba ɗayansu, na goge su.

Kuma Baba ka tuna min wani abu, kakata ta wajen uwa tana nan da rai a cikin birni wajen Ƙofar Kuyambana, na sha jin tana ƴan waƙe waƙe in tana tsince shinkafa ban taɓa tsayawa na saurari me take cewa ba. Ran Asabar in sha Allahu zan je da waya in roƙe ta ta rera min in ɗauka. In na kawo za ka iya gane ko na Sawaba ne?

Tsohon_Malami:

Kawo, in na ji karin zan gane. Ka tafi mata da goro, kuma kar ka katse ta in ta fara, ko ta sauka daga waƙar ta shiga labari ka bar wayar tana ɗauka.