Neman shawara kan katakon da na lulluɓe bangon falo da shi a Jos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar kafintoci da magina kan wani aiki da ya tsaya mini cak.

A watan Agusta, ana tsakiyar damina, na sa kafinta ya lulluɓe bango ɗaya na falona a Bukuru da katako irin wanda ake yi wa tsagi a gefe, ta yadda bakin kowane allo yake hawa kan na ƙasa da shi. Bangon na bulo ne da filasta, shi kuma ya buga allunan kai tsaye da ƙusar kankare. Da hunturu ya shigo, katakon ya bushe ya tsuke, tsakanin allunan ya buɗe har ana hango siminti, uku daga cikinsu kuma sun lanƙwashe sun fizge ƙusoshinsu. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne.

Wani ya ce a cire duka, a kafa siraran katakai a tsaye da sukuru, tazarar santimita 40, sannan a mayar da allunan a kansu don iska ta riƙa ratsawa ta baya. Hankalina ya fi kwanciya da wannan, amma ina tsoron gara da danshi, tunda bangon ta waje yake shan ruwan sama.

Shin allunan da suka lanƙwashe za su sake amfani? Kwana nawa ya kamata sabon katako ya yi a cikin ɗakin kafin a buga shi, kuma a shafa masa maganin gara da fenti ta baya tun kafin a kafa?