Mazana: sunan da nake ba wurin aikin mai zane a cikin gida

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. Tambayar da aka jefo mana ita ce yadda za a kira, da Hausa, wurin da mai zanen hoto da hannu yake keɓewa a gida domin aikinsa, musamman idan wurin bai wuce kusurwa guda ba a ɗakin da yake kwana tare da ƙannensa, ko a falon da dukan iyali suke zama. Kalmar Turawa da muka ara ita ce sutudiyo, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa sun fi sabawa da atiliye ta Faransanci, wadda ake ji a bakin teloli da kafintoci. Na bi shawarwarin da aka kawo ɗaya bayan ɗaya, ina kuma neman ku ba ni dama in faɗi dalilin da ya sa na tsaya a kan kalmar mazana.

Aro ba aibi ba ne, domin fenti da buroshi da fensir duk aronsu muka yi, sun kuma zauna daram a bakinmu. Abin da ya hana ni karɓar sutudiyo shi ne ta riga ta sami masu ita. Idan matashi ya ce a Kano zai tafi sutudiyo, kowa zai ɗauka wurin ɗaukar waƙa zai je a Zoo Road, ko wurin mai hoto, ko gidan rediyo. Ɗakin fasaha ma haka, tun da yanzu fasaha ta zama abokiyar tafiyar kimiyya, mai ji zai zaci kwamfutoci ne jere a ciki. Shago kuwa yana kawo ciniki a rai, alhali yawancin masu zane a gida ba su da ko mai saye guda tukuna.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce ɗakin zane, kuma Malam da ya kawo ta, Allah ya ƙara masa sani, yana da hujja, domin kowa zai gane ta ba tare da bayani ba. Wasu sun yi ƙorafin cewa a rubuce ba a bambanta zanen hoto da zanen ɗaurawa, amma wannan ƙaramar matsala ce. Babbar matsalar tana cikin kalmar ɗaki, domin abin da aka tambaye mu sunansa ba ɗaki ba ne.

Mu dubi wurin da kyau. Tebur ne ƙarami, mai naɗewa idan an samu, an kai shi jikin taga domin hasken rana, an fi son tagar da ke kallon arewa saboda haskenta ba ya yawan sauyawa daga safe zuwa yamma. Mai zane da hannun dama yakan zauna yadda hasken zai zo masa ta hagu, don kada inuwar hannunsa ta rufe abin da yake zanawa. A ƙasa an shimfiɗa leda ko tsohuwar tabarma saboda ɗigon fenti. Tun da ƙasa ta yi kaɗan, bango ne yake ɗaukar kaya: an kafa ƙusoshi an rataye allon zane da rula, an ɗora katako guda an jera gwangwanayen madara da aka wanke, buroshi a tsaye a ciki, gashinsu yana kallon sama don kada ya lanƙwashe. A ƙarƙashin teburin akwai akwati mai kwaɗo, inda reza da fenti suke kwana nesa da hannun yara. Akwai kuma fitila mai caji mai farin haske, domin launin da aka haɗa a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yakan fito daban da safe. Da an gama aiki a naɗe teburin, a jingine zanen fuskarsa tana kallon bango, wani ya shimfiɗa katifarsa a wurin. Wanda ya kira wannan ɗaki ya ba shi abin da ba shi da shi, ya kuma sa mai kusurwa ya riƙa jin cewa nasa bai kai a ambata ba.

Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa wurin sana'a suna, wato a sa ma a gaban aikatau, a rufe da wasalin a. Daga ƙera aka sami maƙera, daga rina aka sami marina, daga jeme majema, daga saƙa masaƙa, daga dafa madafa. Har unguwanni a garuruwanmu suna amsa sunan Maƙera da Majema da Marina, kuma marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ramuka ne a fili, babu bangon da ya mayar da su ɗaki. Abin da ya fi jan hankalina a wannan tsari shi ne yana kallon aikin da ake yi, bai damu da girman ginin ba. Madafa tana iya zama ɗaki mai tayil da murhun gas, tana kuma iya zama duwatsu uku a gefen tsakar gida, amma duk sunanta madafa, kuma ba wanda zai shanya wanki a kanta. Daga zana, a kan wannan ma'auni, sai mu sami mazana. Kalmar mace ce, a ce mazanata, mazanarsa, mazanar gida, jam'inta kuma mazanu, kamar makaranta da makarantu. Tana ɗaukar teburin da na bayyana, tana kuma ɗaukar manyan ɗakunan sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda fitattun masu zane irin su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi karatu a ƙarshen shekarun 1950, lokacin wurin yana kwaleji.

Wata Hajiya ta ja hankalina cewa a rubuce mazana tana iya zama maza nawa, tana kuma iya nufin masu zanen da kansu. Hajiya, gaskiyarki ce, amma harshen ya daɗe da jure irin wannan. Marina a rubuce tana nufin wurin rini, tana nufin masu rini, tana kuma nufin marin da aka yi mini, ba a taɓa jin wanda ya ruɗe ba. A baki karin sauti ne yake raba su, domin sunan wuri duk gaɓoɓinsa sama suke, na masu sana'a kuwa gaɓar tsakiya takan sauka. A rubuce kuma jimla ce take warware komai: wanda ya karanta cewa ta share mazanarta ta rufe fenti ba zai yi tunanin mazaje ba.

Ina nacewa a kan wannan ne saboda a gidan da mutane da yawa suke raba ɗaki guda, wurin da ba shi da suna yakan zama na kowa. Idan tebur ne kawai, za a ɗora masa kular abinci da cajar waya da goron baƙi. Idan kuwa uwa ta ce wa ƙaramin ɗanta kada ya taɓa mazanar Yaya, ta kafa iyakar da yaro zai gane. Sunan yana kuma ɗora wa mai shi nauyi, domin wanda ya ce yana da mazana a ɗakin da wasu suke kwana dole ya kula da haƙƙinsu. Fentin mai yana buƙatar sinadarin tsinkawa mai ƙarfin wari, wasu ma da kananzir suke wanke buroshi, kuma bai dace a shaƙi wannan a rufaffen ɗaki ba, balle inda akwai jariri ko mai asma. Yana kuma ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ƙurar hunturu ta manne masa. Shi ya sa fentin ruwa da akirilik (wani fenti da shi ma da ruwa ake tsinka shi), waɗanda suke bushewa cikin mintuna, da fensir da gawayi da tawada, suka fi dacewa da mazanar da ake rabawa. Ruwan wanke buroshi ma ba a zuba shi inda ake wanke kwanuka, domin wasu launukan suna ɗauke da sinadarai masu guba.

Ba na cewa kalmar ta rufe kowace sana'ar hannu. Mai sassaƙa yana da masassaƙa. Cibiyar tukwane ta Suleja, inda fitacciyar maginiyar tukwane Ladi Kwali ta fara aiki a 1954, ba wanda zai kira ta mazana, domin ginin tukwane ne aikinta. Masu waƙa da masu hoto kuma a bar musu sutudiyonsu. Amma alaramman da yake zaune a zaure da kurtun tawada da alƙalamin kara yana zayyana allon sauka, ina ganin wurin zamansa ya cancanci sunan, kuma zan so in ji ra'ayin malaman tsangaya da na masu koyar da zane a makarantu a kan ko kalmar ta zauna musu a baki.