Wa ke cinye mana takardar buga zane?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da kwamfutoci a wani ofishin zanen gine-gine a Kaduna. Babbar firinta ɗaya gare mu, HP DesignJet, kwamfuta 9 ke tura mata zane daga manhajar zane ta AutoCAD. Naɗin babbar takardar zane (girman A0) ba ya kai sati, tawada kuwa ba a magana. Oga ya ce sai na faɗa masa wa ya buga me.

Na kunna plot.log, wato fayil ɗin da AutoCAD ke rubuta bayanan abin da aka buga, amma kowace kwamfuta nata take ajiyewa daban. Na ɗora firintar a kan saba (server, babbar kwamfutar da sauran ke bi ta cikinta) don duk bugu ya bi ta wuri ɗaya, sai wasu suka koma turawa kai tsaye ta lambar IP, wato adireshin firintar a kan hanyar sadarwa. Yaya zan toshe wannan kafa, in kuma tilasta shigar da lambar aiki kafin bugu? Don Allah a taimaka.