Don Allah a ba ni shawara: faifan wa zan bi a konceto na ɗaya na Shostakovich?

Ɗan Filato: Gaisuwa gare ku manya da ƙanana. Ku yi haƙuri da tsawon zance, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina shekara 12 na fara taɓa celo, wato babbar gogen nan ta Turawa da ake tokarawa a ƙasa, a cocinmu a Jos. Tsohuwa ce da aka jefa a ɗakin ajiya, tsirkiya ɗaya ta tsinke. Kawuna ne ya sayar da awakinsa biyu aka gyara ta, mahaifina kuwa ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwar kawun saboda wannan. A kanta na koya har Allah ya kawo ni Rasha, yanzu ina shekara ta uku a makarantar kiɗa. Saura mako shida jarrabawa, kuma kashin farko na konceton celo na ɗaya na Shostakovich, marubucin kiɗa ɗan Rasha, zan kaɗa (konceto shi ne dogon kiɗan da makaɗi ɗaya ke jan gaba, ƙungiyar makaɗa na rufa masa baya). Shekara biyu ina sauraron faifai guda ɗaya kullum, na shahararren makaɗin celo Rostropovich da makaɗan Filadelfiya ƙarƙashin jagoransu Ormandy, na 1959. Malamata ta ce ba ni take ji ba, inuwar wani take ji, ta kuma hana ni saurarensa. Akwai abin da ya faru tsakaninmu ranar Talata, ba zan shiga cikinsa ba. In daina saurare ne, ko in koma wani faifan? Wanne?

Baba Injiniya: Yaro, kada ka bari a ruɗa ka. Na yi karatu a Tarayyar Sobiyet, kiɗan nan na san shi tun ba a haife ka ba. Shostakovich ya rubuta shi a 1959 domin Rostropovich, shi kuma ya haddace shi cikin kwana huɗu. Ranar 4 ga Oktoba na shekarar aka fara kaɗa shi a Leningrad, Mravinsky na jan makaɗa. Wata guda bayan nan aka ɗauki faifan da kake ji a Amurka, Shostakovich kansa yana wurin. To wa ya fi mai ɗaki sanin inda yake masa yoyo? Ka riƙe abinka.

Maman Biyu: Ƙanena, me ya faru ranar Talata? Ba za mu iya ba ka shawara a kan rabin magana ba. Sannan malamar ta ce me ka yi ba daidai ba, sauri ne ko ƙarfin hannu?

Ɗan Filato: Yaya, maganar Talata daban ce. Sauri ne take kuka da shi. Wai a takarda Allegretto aka rubuta, wato ɗan sauri matsakaici, ni kuma ina gudu kamar an biyo ni. Amma haka nake jin kiɗan a jikina, ba kwaikwayo nake yi ba.

Mai Piyano: Kwaikwayo ne, ɗan'uwa, kunnenka ne ya saba har ka ɗauka naka ne. Shekara biyu fa! Ka nemi na Heinrich Schiff da makaɗan gidan rediyon Bavariya, wanda Maxim, ɗan Shostakovich na cikinsa, ya ja ragama, na 1984. A wurina ya fi fito da abin da ke kan takarda. Ka lura da sautuka huɗun nan da celo ke buɗe kiɗan da su, yadda yake yanka su gajeru ba tare da ya danne bakan ba. Ka kuma saurari ƙahon. Shi kaɗai ne kayan busa na tagulla a duk konceton, kuma a kashin farko musayar magana suke yi da celo. Duk wanda ya yi gudu, hirar nan ce take fara lalacewa. A jarrabawa piyano ne zai tsaya a madadin makaɗan duka, ba abin da zai rufa maka asiri.

Baba Injiniya: Schiff ya iya, ban musa ba, amma bai zauna cikin tsoron da aka zauna ba. Kun san a kashi na ƙarshe an ɓoye guntun waƙar Jojiya da Stalin ya fi so? Shekara shida kacal da mutuwarsa. Wanda bai taɓa jin an ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci da tsakar dare ba, yaya zai kaɗa wannan? Rostropovich kansa sai da ya bar ƙasar a 1974 saboda ya ba Solzhenitsyn, marubucin nan mai sukar gwamnati, masauki, a 1978 aka ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa. Ni faya-fayan Melodiya, kamfanin faifai na Sobiyet, sun fi arba'in na dawo da su gida a akwatin ƙarfe. Na bar su a hannun wani ɗan'uwana na tafi aiki, ruwa ya shiga ɗakin, ya kwashe ya zubar bai ko faɗa mini ba. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi. 'Ya'yana ma ba wanda ya taɓa zama ya saurari ko ɗaya tare da ni.

Hajiyar Zariya: Allah ya huci zuciyarka, Baba. Mu haka muke, ba mu ɗauki kiɗa a bakin komai ba. Ɗana ya so ya koyi piyano, dangin ubansa suka ce zan mai da shi maroƙi, dole muka haƙura. Yanzu ga shi nan da digiri yana zaman gida. Kai kuma yaro, ka bi malamarka kawai, ita za ta ba ka maki, ba faifai ba.

Mai Piyano: Baba, da girmanka, in haka ne ai sai a rufe takardar kowa ya huta. Natalia Gutman ɗalibar Rostropovich ce, a ƙasar ta tashi, amma ba irin nasa take kaɗawa ba. Domin ta wani marubucin kiɗa, Schnittke, ya rubuta nasa konceton celo na ɗaya, ya gama a 1986 bayan bugun jinin da ya kwantar da shi. Sheku Kanneh-Mason kuma da wannan kiɗan na Shostakovich ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016, yana ɗan shekara 17. Rostropovich ma ya sake ɗaukarsa daga baya, bai tsaya a kan na 1959 ba.

Baba Injiniya: Gasa daban, sani daban. Da yawa daga abin da ake taƙama da shi na celo a Rasha ta hannun Rostropovich ya bi. Babban aikin Prokofiev na celo shi ya fara kaɗa shi a 1952. Konceto na biyu na Shostakovich shi ne dai ya fara kaɗa shi a 1966, ranar da Shostakovich ya cika shekara 60. Ku yaran yanzu kuna da faifai ɗari a waya, ba wanda kuka sani har cikinsa.

Baƙon Yamai: Ni ina ganin a canza kiɗan gaba ɗaya. Mako shida ga ɓacin rai da malama, ga wuya. Ka ɗauki na Myaskovsky, ya fi natsuwa, ko na ɗaya na Kabalevsky da aka rubuta domin matasa. Shostakovich ba zai gudu ba.

Ɗan Filato: Na gode muku duka. Ba zan canza ba, an riga an miƙa sunan kiɗan, kuma tun ina Jos nake burinsa. Na saurari na Schiff jiya da dare sau biyu. Yana da tsabta, amma bai taɓa ni ba. Ni ban ce malamata ba ta da gaskiya ba, sai dai ba ta san inda na fito ba. Lokacin da ba ni da malami ko ɗaya, faifan nan ne malamina. Yaya za a ce in yar da shi rana ɗaya?

Maman Biyu: Ba wanda ya ce ka yar. Ajiye shi mako shida aka ce. Ka ɗauki kanka a waya kana kaɗawa, ka saurara da takardar a gabanka. Kuma har yanzu ba ka faɗi abin da ya faru ranar Talata ba. Za ta saurare ka kafin jarrabawar kuwa?

Baba Injiniya: Kada ka ajiye komai. Ka ƙara da faifan kaɗawar farko ta Leningrad in akwai shi.

Ɗan Filato: Yaya, darasinmu na gaba ranar Juma'a ne. Ban tabbata zan je ba tukuna. Akwai wanda ya san ko na Gutman da Temirkanov ya fi na Schiff zafi a kashin farko?