Makulli ɗaya ga ƙofofin gida duka: abin da aka tattauna

Wani maƙwabcinmu ne ya tayar da zancen, ya ce ya gaji da ɗaurin makullai a aljihu, ko za a iya sa makulli ɗaya ya buɗe ƙofofin gida duka? Ga abin da na tsinta daga bakin waɗanda suka san harkar.

Ba sai an cire kuba gaba ɗaya ba. A cikin silindar, wato ɓangaren kuba da ake zura makulli, akwai 'yan ƙananan ƙusoshi, galibi 5 ko 6, tsawonsu daban-daban, kuma haƙoran makulli ne ke ɗaga su daidai kafin ta juya. Mai gyara zai sauya ƙusoshin su dace da makullin da ka zaɓa, tsohon kuwa ya daina aiki. Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan aka fi jan magana: dole ramin makullin ya zama iri ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne. Zura makullin ƙofar falo a kubar ɗaki. In ya shige har ƙarshe, ko bai juya ba, aiki zai yiwu. Makullin kamfanin Schlage ba ya shiga kubar kamfanin Kwikset, komai gwanintar mai gyara.

Wasu suka ce a ƙofofin ƙarfe irin namu ya fi arha a sayi silindoji masu makulli ɗaya. Sukuru guda ke riƙe da silinda, amma a auna tsawonta kafin a tafi kasuwa.

Wani dattijo bai yarda ba: in makullin ya ɓata, gidan duka a buɗe yake. Ni ma da shi nake a kan ɗakin ajiya da sashen baƙi, gara a bar su da nasu daban.