Allon Jefa Jaka a Tsakar Gida: Abin da Waɗanda Suka Haɗa a Zariya Suka Gani

Malamin firamare, Gyallesu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa haɗa allon wasan jefa jaka, wanda Amurkawa suke yi a bayan gidajensu a lokacin zafi, ana jefa ƙananan jakunkuna daga nesa domin su faɗa ramin da ke jikin allon, domin ina so in tanadar wa yara kafin dogon hutu, sa'ad da 'ya'yan 'yan'uwa suke cika mana gida. Awon da na samu shi ne allo mai faɗin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 4, da rami mai faɗin inci 6 wanda tsakiyarsa take inci 9 daga gefen sama. Ana ɗaga bayan allon inci 12 daga ƙasa, a ajiye alluna biyu suna fuskantar juna da tazarar ƙafa 27. Jakunkuna takwas ne, huɗu ga kowane ɓangare, kowace inci 6 tsawo da faɗi, nauyinta kimanin giram 450. Ina roƙon wanda ya gwada ya faɗa mini abin da ya dace da gidajenmu da abin da bai dace ba.

Kafinta, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi wa mutane wannan allo, kuma aikin katakonsa ba shi da wahala. Filawud guda ɗaya ƙafa 4 ne a kan ƙafa 8, saboda haka fuska huɗu yake fitarwa, kai kuwa biyu kake bukata. Ka nemi maƙwabcin da za ku raba kuɗin, ko ka sayi rabi a wurin masu saura. Kada kaurinsa ya gaza rabin inci, domin na ƙasa da haka yana lotsawa, jaka ta riƙa tsalle a kansa maimakon ta zame.

Inda nake so ka kula shi ne firam ɗin ƙasa. Zane-zanen da ake gani a intanet suna cewa a yanka gajerun katakan inci 21, amma wannan lissafi na katakon Amurka ne, wanda ake kira tu-bai-fo, wato inci 2 a kan 4, alhali kaurinsa inci ɗaya da rabi ne bayan an goge shi. Namu na kasuwar katako ba a goge yake ba, kuma da wuya ka sami guda biyu masu kauri ɗaya, don haka ka jera dogayen a kan filawud ɗin tukuna, ka auna abin da ya rage a tsakani, sannan ka sa zarto. Ƙafafun kuma a ɗaure su da noti domin su riƙa naɗewa. Bakin ramin a bi shi da samfefa sosai, in ba haka ba shi ne zai fara cin jakunkunan.

Uwargida, Ƙofar Doka

Malam, abin da Baba kafinta ya faɗa gaskiya ne, amma a gidanmu rigimar ba ta taso daga allon ba, daga cikin jakar ta taso. Maigida ya sa an zuba masara kamar yadda masu wasan suke yi tun asali, kuma da aka fara jifa babu abin da za a kushe, domin masara tana ba jaka nauyi mai kyau, tana bajewa idan ta sauka, kuma garin da yake fita daga jikinta yana sa allon ya yi santsi. Sai dai ranar da Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ɗauki jaka ɗaya ta matsa ta ji abin da ke ciki, nan take ta tsayar da wasan, ta ce a gidan da take raye ba za a yi jifa da abinci ba, alhali almajirai suna tsaye a zaure da ƙoƙonsu. Babu wanda ya iya ba ta amsa, ni kuma a raina na ga tana da hujja, domin jaka takwas sun haura kilo uku da rabi na tsaba, wato tuwon gida guda. Aka farke su, masarar ta tafi wurin niƙa. Ina ba ka shawara ka tuntuɓi manyan gidanku kafin tela ya rufe bakin jaka.

Ma'aikacin gona, Samaru

Ko da Hajiya ba ta hana ba, Yaya, da damina ta hana. Tamu masarar ba ta kai ƙarshen watan Agusta ba, wanda shi ne tsakiyar ruwa a Zariya kuma shi ne tsakiyar hutun yara. Jaka ta faɗi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tsabar ta sha laima, sai fumfuna da wari. Waɗanda suka tsira kuma ƙwari suka mayar da su gari, ɓera ya huda biyu a ɗakin ajiya. Ƙwararrun masu wasan a can ma sun koma zuba ƙananan 'ya'yan roba saboda irin wannan dalili.

Na gwada yashi, kuma ban ji daɗinsa shi kaɗai ba. Yashi ya fi masara nauyi nesa ba kusa ba, saboda haka giram 450 ɗinsa ba ya cika jakar, yana taruwa a kusurwa ɗaya, ya sauka tim ya tsaya inda ya faɗi. Da na gauraya shi da buntun shinkafa, na zuba a ƙaramar jaka ta ciki kafin ta waje, sai ya gyaru sosai. Abin da ya fi gamsar da ni dai shi ne 'ya'yan tsamiya, waɗanda masu kunu suke zubarwa. Girmansu da santsinsu sun yi kusa da na masara, kuma babu wanda zai ce an wulaƙanta abinci. Su ma ƙwari suna shigarsu, don haka a wanke su, a ɗan soya su sama-sama a kasko, a shanya su bushe ƙarau, sannan a auna kowace jaka a sikeli domin kada wani ɓangare ya ce an ba shi marasa nauyi.

Tela, Tudun Wada

Ni ta fannin ɗinki zan yi magana. Atamfa da shadda ba su jure wannan aiki, ko da an ninka su. Tsohon wandon jins ko kaki mai kauri shi ne daidai. A yanka inci 7 domin a sami inci 6 bayan ɗinki, a bi kowane gefe sau biyu da zare mai ƙarfi, kuma kada a cika jakar ta yi tam kamar matashin kai, a bar mata wurin motsi. Huɗu su zama launi ɗaya, huɗu wani launin daban.

Uwargida, Ƙofar Doka

Na manta ban ambaci tazara ba. Ƙafa 27 ta wuce mita takwas, kuma idan aka haɗa da tsawon allunan biyu ana neman fili mai ƙafa 35, abin da tsakar gidaje da yawa a cikin birni ba su da shi, balle ga rijiya da igiyar shanya da murhu. Mu allo ɗaya muke amfani da shi, a ja layi da gawayi a ƙasa, manya su tsaya nesa, ƙanana su matso, kowa ya jefa nasa huɗun sannan a je a kwaso. Ban ga abin da wasan ya rasa ba, kuma kuɗin katako ya ragu da rabi.

Ɗalibi, Kongo

Anti, ina goyon bayan allo ɗaya ga yara, amma ga samari, alluna biyun sun fi, domin mutum huɗu suna wasa a lokaci guda ba tare da zirga-zirga ba. Mu a ƙofar gida muke shimfiɗa su bayan la'asar. Abin da ya fi jawo mana gardama shi ne lissafi. Jakar da ta shiga rami maki 3 ce, wadda ta tsaya a kan allo maki 1, wadda ta taɓa ƙasa kafin ta hau ba ta da komai kuma cire ta ake yi. A ƙa'idar wasan ana cire makin wanda ya gaza daga na wanda ya fi a kowane zagaye, wato idan na sami 7 abokina ya sami 5, maki 2 kawai za a rubuta mini, har wani ya kai 21. Ƙannenmu ba su yarda da wannan ba, suna ganin an ƙwace musu abin da suka ci, sai muka bar su suna tara nasu kai tsaye.

Game da fenti kuma, Malam, mai sheƙi sosai yana sa jaka ta zamo ta dawo ƙasa, musamman da hunturu idan ƙura ta kwanta a kansa, don haka shafi biyu na fentin mai ya isa. A shafa har gefen filawud ɗin, domin ta nan ruwa yake shiga ya kumbura shi, kuma idan an gama wasa a rataye allon a bango, kada a jingina shi a ƙasa inda gara za ta same shi.