Masu kyamara na Legas ku ba mu shawara: Idanre ko Obudu, kuma wane wata?

Ɗan_Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Muna da ɗan guruf na masu son ɗaukar hoto, yawancinmu 'yan Agege ne da Mile 12 da Idi-Araba, ba sana'armu ba ce, wani tela ne wani ɗan canji wani waya yake sayarwa a Computer Village, sha'awa ce kawai ta haɗa mu. To gaskiya mun ɗauki gadar Third Mainland har mun gaji, mun ɗauki danfo, mun ɗauki bakin teku, kuma kun san Legas a shimfiɗe take ko tudun kirki babu. Shi ne muka ce bari mu haɗa kuɗi mu fita mu ɗauko duwatsu. Yanzu rigima ta kaure, wasu sun ce Idanre ta jihar Ondo wasu sun ce sai Obudu, akwai ma wanda ya kafe sai Mambilla. Lokacin da kowa zai samu sarari shi ne ƙarshen Disamba. Mu wajen goma sha ne, da mata a ciki, kuma rabinmu da waya suke ɗauka ba kyamara ba. Ina ya fi, kuma me za mu riƙe?

Baba_Mai_Nikon:

Wa alaikumus salam. Yaro kafin ku yi faɗa kan wurin ku fara gyara watan, don ƙarshen Disamba ɗin nan shi ne matsalarku ba Idanre ko Obudu ba. Lokacin hazo ya sauko har kudu, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga hamada ta wajen Chadi, ku da kuka taso a arewa ba sai an yi muku bayani ba. Za ku sha wahalar hawa ku kai sama ku tarar dutsen da ke gabanku ma da ƙyar ake ganinsa, sama fari fat, ciyawa ta bushe, ga manoma da mafarauta suna ƙona daji hayaƙi ya ƙaru a kai. Hoton fili kuwa nisa yake so, ido ya tafi ya tafi. In za ku ji tawa ku nemi ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke ko yana ɗaukewa, ganye kore shar, iska ta wanku, ga gajimare. Ko da Juma'a zuwa Lahadi ce ta fi muku sati guda na Disamba.

Wuri kuma ni Idanre zan ce. Tana kusa da Akure, duwatsu ne manya-manya sulɓaɓɓu sun kewaye garin, in ka hau ka leƙo sai ka ga rufin kwano mai tsatsa jajir a tsakiyarsu, wannan hoton kaɗai ya biya kuɗin mota. Matakala sun haura 600 amma akwai wuraren hutawa guda 5 a hanya, wanda ya saba hawa benen kasuwar Balogun da kaya zai iya. A sama akwai tsohon garin da mutanen suka zauna shekaru aru-aru kafin su sauko ƙasa, fadar sarkinsu ta da tana nan, Owa suke ce masa, da tsohuwar kotu da makaranta, tun 2007 wurin yana cikin jerin da Najeriya ta miƙa wa UNESCO na wuraren da take so a sa cikin kayan tarihin duniya. Wato in sama ta ƙi ba ku haɗin kai kuna da bangon ƙasa da ƙofofi da za ku ɗauka, ba za ku dawo hannu rabbana ba.

Abu na biyu, kada ku yarda da tsarin nan na a tashi Legas da asuba a dawo da dare. Za ku isa rana tsaka ne, lokacin da haske ya fi muni, dutse ya yi fau babu inuwa babu siffa. Mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, rana a miƙe take fitowa ba ta jan ƙafa kamar a Turai, hasken nan mai laushi mai ruwan zinare da kuke gani a hotunan Turawa su yana daɗe musu, mu minti 30 zuwa 40 ne ya wuce. A Nuwamba rana na fitowa wajen 6:30 ta faɗi wajen 6:20 na yamma a can. Dole ku kwana.

Bello_Gembu:

Baba ya faɗi gaskiya kan hazo amma ni dai a bar ni in yi wa garinmu talla hhh. Duk wanda bai ga Mambilla ba bai ga tsauni a ƙasar nan ba wallahi. Tsayin wurin kusan mita 1,600 ne, tuddai ne kore a jere har iya ganinka, shanu a kai, ga gonar shayi a Kakara, sanyi kuwa sai ka nemi bargo. Daga Mayo Selbe in aka fara hawa hanyar nan mai lanƙwasa har Nguroje kowane kwana hoto ne. Kuma Chappal Waddi da ya fi kowane tsauni tsayi a Najeriya, mita 2,419, a yankin yake cikin gandun Gashaka-Gumti kan iyakar Kamaru. Ga Hausa da Fulatanci ko'ina, masallaci ko'ina, abinci babu tunani.

Amma fa tsakani da Allah ba tafiyar wikend ba ce daga Legas. Sai kun kai jihar Taraba tukuna, ku bi ta Bali, Serti, sannan a hau, a mota ku sa kwana biyu tafiya kwana biyu dawowa in komai ya tafi daidai. Tela da ɗan canji ba za su rufe shago haka ba. Ku fara da na kusa, in guruf ɗin bai watse ba a kan lissafin kuɗi, shekara mai zuwa ku neme ni. Obudu ma kusan haka take, Kuros Riba ce can kusa da Kamaru, tsayinta sama da mita 1,500, kyau kam akwai, tun 1951 Turawa suka kafa wurin kiwon shanu a can saboda sanyin. Sai dai nisa, kuma hazo na can wani iri ne, gajimare ne ke sauka ya rufe ku ruf ko mutumin da ke gefenka ba ka gani, sai ka zauna jira. In kun zaɓe ta ku tambaya tukuna ko motar nan mai tafiya a igiya tana aiki, kada ku dogara da hotunan intanet.

Ummu_Hanan:

Baba ka yi haƙuri ni ban yarda hazo ba shi da amfani gaba ɗaya ba. Eh in kana son kore da shuɗin sama to ya kashe maka kasuwa. Amma da sassafe ko dab da magariba hazo mara kauri yana raba duwatsu hawa-hawa, na gaba baƙi, na bayansa toka-toka, na can baya kamar an zana da fensir, rana kuma ta zama jan ƙwallo kana kallonta ido da ido. In ka zuƙo da dogon lens (gilashin gaban kyamara mai jawo nesa kusa) ko ka maida hoton baƙi da fari abin ba a magana. Matsalar ita ce ba ka da iko da kaurinsa, yau siriri gobe kamar an tankaɗe gari, to mutum goma sha su zuba kuɗinsu a kan sa'a, nan kam na bi bayan Baba. Amma in Disamba ce kaɗai ta yiwu kada ku fasa, ku dai san irin hoton da za ku nema.

Sai zancen masu waya, don na ga kamar Malam Ɗan Agege yana faɗin abin da ɗan jin kunya. Babu komai wallahi. Wayoyin yanzu da hasken safe suna yin abin mamaki, inda suke faɗuwa shi ne zuƙowa, da ka matsa da yatsa biyu hoton ya farfashe. Su tsaya kan lens ɗin wayar na asali, su goge gilashin da ƙyalle (rabin hoton waya da ke fita dishi-dishi maiƙon hannu ne), su taɓa wurin da ya fi haske a allo su ɗan rage hasken don kada sama ta ƙone. Kuma su sa wani abu a gaba, bishiya ko dutse ko mutum sanye da jar riga yana tsaye can, in ba haka ba girman dutsen ba ya fitowa, sai ya zama kamar tsibin yashi.

Mata kuma don Allah a faɗa musu tun yanzu, abaya mai jan ƙasa da silifas ba na hawan dutse ba ne. Doguwar riga iya ƙwauri da wando a ciki, hijabi madaidaici wanda iska ba za ta yi ta wasa da shi ba, kambas mai kama ƙasa. Dutsen nan in raɓa ta sauka santsi gare shi. Kuma a tambayi mutum kafin a ɗauke shi, musamman tsofaffi da masu aiki a gonar koko, gaisuwa da Yarabanci ko ta kalma biyu ce tana buɗe ƙofa. Akwai wuraren da mutanen garin ke girmamawa na al'adarsu, in ɗan jagora ya ce ba a shiga ko ba a ɗauka a bari kawai, ba wurin wa'azi ko gardama aka je ba.

Direban_Mile12:

Ni ba mai hoto ba ne amma hanyar nan ta Akure da Idanre ita ce ofis ɗina. Oga ku ɗauki shatar bas guda, kada ku rarrabu a tasha. Ku bar Legas bayan sallar asuba kai tsaye kafin gosulo ya kama a Berger, ranar Juma'a da yamma kuwa ko kusa kada ku gwada, masu zuwa taron coci a hanyar Ibadan za su iya cinye muku rabin dare. Hanya biyu ce, ko Ibadan, Ife, Ilesha, Akure, ko Shagamu, Ore, Ondo. Ku tambayi direbobi a satin wacce ta fi lafiya don abin yana canzawa. Ku sa awa 5 zuwa 6. Tafiyar dare babu ita, ko an biya ku. Abinci ku riƙe kilishi da dabino da ƙuli da ruwa mai yawa, in kuna son tuwo ku tambayi kasuwar Shasha a Akure 'yan uwa suna nan. Sallah kuma kasaru ce ta kama ku, ku riƙe buta don a sama ba lallai ku samu ruwan alwala ba.

In kuna son gwaji mai arha tukuna, jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana tsayawa a Agege ƙofar gidanku, ku sauka Abeokuta ku hau dutsen Olumo ku dawo a ranar. Mita 137 ne kawai amma nan za ku gane wa ke zuwa a makare, wa ke haki, wa ke mantawa da batir.

Ɗan_Agege:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura duk wannan a guruf, mai Mambilla ya yi shiru haha. Da alama Olumo za mu fara sannan Idanre a Nuwamba in Allah ya kai mu. Baba saura tambaya biyu, ana barin mutum ya hau kafin gari ya waye? Sannan wani cikinmu ya sayi diron, ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, yana ta zumuɗi, ya taho da shi?

Baba_Mai_Nikon:

Hawan asuba sai kun shirya da masu kula da wurin tun ranar da kuka isa, ba a buɗe yake kowane lokaci ba, akwai kuɗin shiga kuma ku tambaya ko na kyamara daban ne kafin ku fito da kaya. Ku ɗauki ɗan jagora na garin ku biya shi da kyau, shi ya san inda ake tsayawa a ga garin gaba ɗaya. In asubar ba ta samu ba ku hau bayan la'asar ku ɗauki faɗuwar rana, amma kowa da tocila, ku fara saukowa da sauran haske, don nan da minti 20 bayan rana ta faɗi duhu ne. Da safen kuma ku ɗauka daga ƙasa, rana tana dukan fuskar duwatsun, wani lokaci da ɗan hazon raɓa kwance a gindinsu.

Diron kuwa a ƙasar nan yana son izini daga hukumar kula da sufurin jiragen sama da kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In ba shi da takarda ya bar shi a gida, kada a tare ku a shingen hanya tafiyar mutum goma sha ta lalace saboda abin wasan mutum ɗaya.

Masu kyamara: ku saita ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, buɗewar lens f/8 zuwa f/11, ku ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, don ku samu abin gyarawa a manhajar Lightroom. Ƙafar kyamara guda biyu ko uku ta ishe ku duka ku riƙa karɓa-karɓa, ba sai kowa ya saɓo tasa a matakala 600 ba. Batir biyu, memori biyu, pawa bank ga masu waya, leda babba ko da ruwa zai sauko. In kun kwana a ɗaki mai AC kada ku fito da kyamara kai tsaye cikin iskar waje, gilashin zai yi gumi ku tsaya kuna kallo haske na wucewa, ku bar ta cikin jaka a rufe sanyin ya sake ta tukuna, ko ku ajiye jakar nesa da sanyin tun dare. Kuma in kun kai sama ku watsu don Allah, bibbiyu ko uku-uku, kada ku jeru wuri guda ku dawo da hoto iri ɗaya kowa yana cikin na wani. Ku sa lokacin haɗuwa, mutum ɗaya ya riƙe sunaye ya ƙirga kafin a sauko.

Ummu_Hanan:

Kuma a ware rabin awa na selfi tun farko a gama da shi, in ba haka ba ku da kanku kun san abin da zai faru da hasken nan na minti 30. Malam in akwai kujera biyu a bas ɗin Nuwamba ni da maigidana muna ciki, shi zai riƙe jaka.